Aro da Haya: Nazarin Littattafai Biyu a kan Amanar Laburare

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga laburaren jama'a ya san akwai wani abu a cikinsa wanda babu irinsa a kasuwa. Mutum ya kan shiga ba ko anini a aljihunsa, ya ɗauki littafin da kuɗinsa ya fi ladan aikinsa na mako guda, ya zauna ya karanta, in ya ga dama ma ya tafi da shi gida. Ba mai tambayarsa kuɗi, ba kuma mai tambayarsa dalilin da ya sa ya ke son wannan littafi ba wancan ba. Mun saba da haka har mun ɗauka haka abin ya ke tun fil azal. Alhali kuwa shiri ne na mutane, bai kuma daɗe ƙwarai ba, gama dokar da ta ba garuruwan Ingila ikon kafa laburare da kuɗin haraji cikin 1850 aka yi ta. Abin da mutane suka ƙulla kuwa, mutane suna iya kwance shi.

Cikin wannan takarda ina so in duba littattafai biyu na Turanci waɗanda suka ji tsoron wannan kwancewa. Na farko shi ne Our Enduring Values na Michael Gorman, wanda aka buga a Amurka cikin 2000, watau bayanin ƙa'idojin da marubucin ya ke ganin sana'ar laburare ta tsayu a kansu. Na biyu shi ne Globalisation, Information and Libraries na Ruth Rikowski, wanda aka buga a Ingila cikin 2005, a kan haɗarin da dunƙulewar kasuwannin duniya ta ke jawo wa laburare. Ni ba ma'aikacin laburare ba ne, kimiyyar harshe na karanta. Amma duk mai nazarin Hausa cimarsa tana hannun waɗannan mutane, sabo da haka muna da bakin magana. Har ila yau ina ganin harshenmu yana da kalmomi biyu waɗanda za su warware zancen fiye da yadda marubutan biyu suka warware shi. Zan zo kansu in an jima.

2. Gorman da ƙa'idojinsa takwas

Michael Gorman haifaffen Ingila ne wanda ya yi yawancin aikinsa a Amurka. Yana cikin waɗanda suka shirya dokokin jera littattafai na 1978 waɗanda laburare da yawa na duniya suka bi, ya shugabanci laburaren jami'a a garin Fresno na jihar Kalifoniya, ya kuma zama shugaban ƙungiyar laburare ta Amurka daga 2005 zuwa 2006. Watau dai ɗan gida ne, ba ɗan kallo ba.

Ya lasafta ƙa'idoji takwas. Ta fari ita ce riƙon amanar abin da 'yan Adam suka rubuta, don ya isa hannun na baya lafiya. Ta biyu hidimar jama'a. Ta uku 'yancin tunani, watau kada a hana mutum karanta abin da ya ke so don wani ba ya sonsa. Ta huɗu aiki da hankali da tsari. Ta biyar raya karatu da neman ilmi. Ta shida daidaita mutane wajen samun littafi, mai kuɗi da matalauci. Ta bakwai rufa asirin mai karatu. Ta takwas goyon bayan mulkin jama'a. Da ya sake fitar da littafin cikin 2015 ya ƙara ta tara, ita ce duba amfanin jama'a gaba ɗaya.

Ba shi ya ƙaga waɗannan ba, bai kuwa ce shi ya ƙaga su ba. Ya bi sawun magabatansa ne, musamman malamin Indiya S. R. Ranganathan, wanda ya fitar da dokokinsa biyar na ilmin laburare cikin 1931, waɗanda gundarinsu shi ne darajar littafi tana ga karanta shi, ba ga kulle shi a akwati ba. Ƙungiyar laburare ta Amurka ta rubuta nata ladubban sana'a cikin 1939, hukumar Unesko kuma ta yi shelarta a kan laburaren jama'a cikin 1949. Kyawun littafin Gorman shi ne ya tara abin da ke warwatse, ya faɗe shi da harshe mai sauƙi wanda ƙaramin ma'aikaci zai fahimta.

Kada mai karatu ya zaci waɗannan ƙa'idoji zancen baka ne kawai. Cikin 2005 hukumar binciken laifuffuka ta Amurka ta aika wa wata ƙungiyar laburare ta jihar Connecticut takarda, tana neman bayanin waɗanda suka yi amfani da wata kwamfuta, tare da umurnin kada a gaya wa kowa an aiko takardar. Ma'aikata huɗu suka ƙi, suka kai ƙara kotu, har aka ɗage musu takunkumin magana cikin 2006. Wannan ita ce ƙa'ida ta bakwai sa'ad da ta sauko daga takarda ta shiga jikin mutum.

Amma littafin yana da rauni guda, rauni babba kuwa. Gorman ya yi magana a kan ƙa'idoji kamar halin kirki ne da ke zaune a zuciyar ma'aikaci, wanda in ya riƙe shi da gaske ba abin da zai ka da shi. Bai tsaya ƙwarai a kan tambayar da ta fi nauyi ba: wa ya ke biyan ma'aikacin, kuma littattafan na wane ne? Mutanen nan huɗu na Connecticut sun iya cewa a'a ne domin bayanin yana hannunsu. Da a ce yana cikin na'urar wani kamfani a wata jiha, da ba a ko ƙwanƙwasa musu ƙofa ba. Hali na gari yana bukatar ƙasar da zai tsaya a kanta, Gorman kuwa ya siffanta ginin sarai ya bar harsashin.

3. Rikowski da yarjejeniyoyin ciniki

Harsashin nan shi Ruth Rikowski ta tona. Ita ma ta yi aikin laburare a Ingila kafin ta koma koyarwa a jami'a, kuma ba ta ɓoye cewa da ma'aunin Karl Marx ta ke awo ba. Hujjarta tana kan yarjejeniyoyi biyu waɗanda suka fara aiki tare da kafuwar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ranar 1 ga Janairu 1995. Ɗaya a ke kira GATS, ita ce ta cinikin ayyukan hidima, irin su banki da sufuri da ilmi. Ɗayar a ke kira TRIPS, ita ce ta haƙƙin mallakar abin da ƙwaƙwalwa ta haifar.

Game da GATS, ta nuna cewa cikin jerin ayyukan da ƙasashe za su iya buɗe wa kamfanonin waje akwai wani sashe na laburare da ma'ajin takardu da gidajen tarihi, kuma waɗansu ƙasashe, har da Amurka da Japan, sun riga sun sa hannu a kansa. Gaskiya ne yarjejeniyar ta keɓe ayyukan da gwamnati ta ke yi da ikonta na gwamnati. To, amma ta fassara su da cewa su ne waɗanda ba a yi don ciniki ba, ba kuma a yi su cikin gasa da wani mai irin wannan hidima ba. Nan gizo ya ke saƙa. Laburaren da ke karɓar kuɗin kwafin takarda, ko mai ba da intanet a unguwar da wani ɗan kasuwa ya ke sayar da ita, shin yana cikin gasa ko ba ya ciki? Wanda ya san aikin ma'anar kalmomi ya san irin wannan jimla ƙofa ce da aka saya ba a kulle ba. Ba ita kaɗai ta damu ba, gama tarayyar ƙungiyoyin laburare ta duniya, IFLA, ta fitar da matsayinta a kan wannan al'amari cikin 2001.

Game da TRIPS kuwa, ta wajabta wa ƙasashen ƙungiyar su kare haƙƙin marubuci har shekara 50 bayan rasuwarsa, ko fiye. Ƙasashen Tarayyar Turai sun kai shi 70 cikin 1993, Amurka ta bi su cikin 1998. Kowace shekara da aka ƙara, shekara ce da littafi zai ƙara yi kafin ya zama na kowa da kowa.

Littafin Rikowski yana da nauyin karatu. Tana maimaita magana, kuma in ta shiga bayanin ra'ayin Marx a kan daraja da riba, sai ta yi nisa har mai neman labarin laburare ya gaji da jira. Duk da haka ta ga abin da Gorman bai tsaya a kansa ba, watau cewa ana iya mai da hidima haja ba tare da an canja ko allon da ke bakin ƙofa ba. A nan ta yi gaskiya. Inda na ke ganin ta yi kuskure shi ne wajen nuna ƙofar da ɓarnar za ta shigo. Ta tsare ƙofar Jeniba, mazaunin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Amma zagayen shawarwarin Doha, wanda aka fara cikin 2001, wanda kuma a ke tsoron zai faɗaɗa GATS, ya cije cikin 2008. Abin da ya sami laburare bayan wannan ta ƙofofi biyu dabam ya shigo: ɗaya ƙofar baitulmalin ƙaramar hukuma, ɗaya kuma ƙofar takardar lasin.

4. Ƙofa ta fari: kwangila

Bari mu ɗauki misalai uku waɗanda labarinsu ya tabbata.

Cikin 1996 hukumar laburaren jihar Hawayi ta Amurka, wadda aka rage wa kuɗi, ta ba kamfanin dillancin littattafai Baker & Taylor kwangilar zaɓen littattafai da sayensu da jera su domin dukan laburaren jihar, a kan farashi ɗaya ga kowane littafi. To, wanda aka ce za a biya shi kuɗi ɗaya ko ya kawo mai tsada ko ya kawo mai araha, ba sai an yi duba ba kafin a san wanda zai fi kawowa. Ma'aikata suka yi ta kukan ana turo musu littattafan da su ke da su, da waɗanda ba mai nema, alhali abin da jama'ar tsibiran su ke bukata bai zo ba. Cikin 1997 aka soke kwangilar, majalisar jihar kuma ta yi doka ta mai da zaɓen littattafai hannun ma'aikatan laburare.

A cikin wannan shekara ta 1997 gundumar Riverside ta Kalifoniya ta miƙa tafiyar da laburarenta duka ga wani kamfani mai suna LSSI, ita ce ta fari da ta yi haka a Amurka. A nan wajibi ne a yi adalci. An ba da rahoton ƙarin sa'o'in buɗewa, waɗansu garuruwa kuma suka yi koyi da ita. Amma laburare ba ya sayar da kome, sabo da haka ribar kamfani ba ta da mafita sai daga ratar da ke tsakanin abin da hukuma ta biya da abin da aka kashe. Mafi yawan abin da laburare ya ke kashewa kuwa albashi ne da fansho. Ashe ke nan daga jikin ma'aikacin a ke yanko ribar, shi ne kuwa mutumin da Gorman ya ɗora wa ƙa'idojinsa takwas.

Misali na uku daga Landan ya ke. Bayan tsuke bakin aljihun da gwamnatin Ingila ta fara cikin 2010, an rufe laburare kusan 800 a ƙasar kafin ƙarshen 2019, waɗansu kuma aka bar wa 'yan sa kai. Waɗansu ƙananan hukumomin Landan, irin su Croydon da Ealing da Harrow, laburarensu ya koma hannun wani reshe na kamfanin Carillion, wanda asalin sana'arsa gine-gine ne. Cikin Janairu 2018 kamfanin ya karye, hukumomin suka yi gaggawar karɓar abinsu don kada a wayi gari ƙofofi a rufe. Darasin a fili ya ke: sa'ad da a ke cin riba kamfani ke ci, sa'ad da aka faɗi kuwa mai biyan haraji ke ɗauka.

Cikin misalan nan uku babu inda wata kotun ciniki ta duniya ta tilasta wa kowa. Hukumomin gida ne suka ga asusunsu ya yi ƙasa, suka nemi mai sauƙi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rikowski ta kwatanta ƙadangaren da kyau, amma tsagar ba a inda ta sa ido ta fito ba.

Kada kuma a fahimce ni da cewa duk hulɗa da ɗan kasuwa haramun ce ga laburare. Tun asali daga kamfani a ke sayen littafi da kanta da kujera, kuma attajirin ƙarfe Andrew Carnegie ne ya ba da kuɗin gina laburare fiye da 2,500 tsakanin 1883 da 1929. Amma Carnegie gini ya bayar, ya kuma sharɗanta wa kowane gari ya ɗauki nauyin tafiyar da shi daga harajinsa, ya buɗe shi kyauta ga kowa. Iyakar tana nan: a sayi kaya daga ɗan kasuwa, kada a sayar masa da hukunci. Wane littafi za a saya, wanne za a ajiye, wa za a bari ya shiga, waɗannan hukunci ne. Kusan haka ƙungiyar laburare ta Amurka ta tsayar cikin 2001, sa'ad da ta ƙi yarda a miƙa tsara manufa da shugabancin laburaren jama'a ga masu neman riba.

5. Ƙofa ta biyu: lasin

Yanzu na zo kan kalmomin nan biyu da na yi alkawari. Bahaushe ya raba aro da haya. Aro shi ne ka karɓi abin wani ka yi amfani da shi, ka mayar masa da shi kansa, ba ka biya kome ba. Haya kuwa ita ce ka biya kuɗi don amfanin abu zuwa wani lokaci, abin yana nan na mai shi, sharuɗɗa kuma nasa ne. Kowane yaro ya san bambancin aron keke da hayar keke. Akwai kuma wata doka da ba a rubuta ba wadda ke bin kalmomin: mai abu shi ke ba da aro. Wanda ya ɗauko keken haya ba shi da ikon ara wa abokinsa sai da yardar mai keke.

Laburare gidan aro ne. Abin da ya sa ya iya zama haka shi ne ya mallaki littattafansa. In ya sayi littafin takarda, ya zama nasa: ya ara wa mutum dubu, ya ɗinke shi in ya yage, ya aika da shi wani gari, ya ajiye shi shekara ɗari, ba ruwan maɗaba'a. Duk ƙa'idojin Gorman a kan wannan mallaka su ke zaune, ko da ya ke bai faɗa da wannan lafazi ba.

To, littafin lantarki ba sayensa a ke yi ba, lasin a ke karɓa, lasin kuwa haya ce. Cikin 2011 kamfanin HarperCollins ya ƙayyade cewa littafinsa na lantarki in laburare ya ba da shi sau 26 sai a sake biya. Cikin Nuwamba 2019 kamfanin Macmillan ya hana laburare samun fiye da kwafi ɗaya na sabon littafi cikin mako takwas na farko, har sai da ƙorafi ya yi yawa ya janye cikin Maris 2020. Tun kafin wannan, cikin 2009, kamfanin Amazon ya goge waɗansu littattafan George Orwell daga na'urorin Kindle na mutanen da suka riga suka biya, sabo da wata rigimar haƙƙin mallaka. Cikin 2014 kuma aka gano wata manhajar kamfanin Adobe, wadda masu aron littafin lantarki su ke amfani da ita, tana aika bayanin abin da mutum ya ke karantawa zuwa ga kamfanin ba tare da an lulluɓe shi ba. A duba yadda ƙa'idoji uku suka faɗi a nan ba tare da wani ma'aikaci ya ci amana ba: riƙon amana, gama ba ka adana abin da za a iya gogewa daga nesa; daidaita mutane, gama mai kuɗi ya samu yau matalauci ya jira; da rufa asiri, gama littafin da kansa ya zama ɗan rahoto.

A jami'o'i abin ya fi tsanani. Wani bincike da aka buga cikin 2015 ya nuna kamfanoni biyar ne suka fitar da fiye da rabin maƙalun ilmi na 2013 da aka ƙididdige. Malami ya yi bincike da kuɗin jama'a, ya ba mujalla kyauta, abokan aikinsa su tace kyauta, sa'an nan laburaren jami'arsa ya biya haya kowace shekara don ya karanta. Cikin 2012 laburaren jami'ar Harvard, wadda ba ta da na biyu wajen dukiya, ya sanar da malamansa cewa farashin mujallu ya kai inda ba zai ɗore ba. Cikin 2019 jami'ar Kalifoniya ta yanke cinikinta da kamfanin Elsevier, ba su daidaita ba sai 2021. In wannan ya sami masu ƙarfi, mai karatu ya auna halin marasa ƙarfi. A zamanin takarda, laburaren da kuɗinsa ya ƙare ya kan daina samun sababbin fitowa, amma tsofaffin suna nan a kanta. A zamanin lasin, sai abin da takardar yarjejeniya ta bar masa.

Har cikin bakin ma'aikata a ke jin wannan canji. Da, wanda ya shigo laburare mai karatu a ke kiransa. Daga baya, a takardun hukumomi da yawa na Ingila da Amurka, sai aka koma kiransa da kalmar 'yan kasuwa, wadda mu ma muka ara mu ke cewa kwastoma. Mai nazarin harshe ba ya raina irin wannan. Kwastoma darajarsa tana ga abin da zai kashe, ko ga yawan zuwansa. Mai karatu kuwa ko shi kaɗai ne ya nemi littafi cikin shekara ashirin, haƙƙinsa bai ragu ba.

6. Inda zancen ya shafe mu

Marubutan biyu Turawa su ke yi wa magana, misalansu kuma na ƙasashensu ne. Amma tsarin laburaren da su ke karewa shi aka kawo mana. Taron da Unesko ta yi a Ibadan cikin 1953 a kan raya laburaren jama'a a Afirka ya tsaya a kan a kafa su da doka, a riƙe su da kuɗin hukuma. Mun kuma ɗanɗani dunƙulewar kasuwa tun kafin a kafa ƙungiyar Jeniba, gama bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 darajar naira ta faɗi, laburaren jami'o'in Nijeriya suka kasa biyan kuɗin mujallu da littattafan waje shekara da shekaru.

Abin da ya fi damun mai nazarin Hausa shi ne wannan. Masu jin Hausa miliyoyi ne, amma kasuwar littafin Hausa ƙarama ce in an gwada da ta Turanci, kamfanin da ke shirya tarin littattafan lantarki don sayar wa duniya kuwa ba don mu ya ke shiryawa ba. Jaridun larduna da hukumar NORLA ta fitar daga Zariya cikin shekarun 1950, irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato, ba ɗan kasuwar da zai ci riba da ajiye su. Haka kuma ɗimbin littattafan hikaya da aka buga a Kano tun daga shekarun 1980 a kan takarda mai araha. Masu ba da hayar littattafai sun yi wa waɗannan hidima ƙwarai, sun kai su har cikin gidaje, ba kuwa abin zargi a sana'arsu. Amma mai haya abin da a ke nema yau ya ke ajiyewa. In littafi ya daina fita, ko ya tsufa ya yage, ya tafi ke nan. Wanda zai nemi sanin yadda Hausar Kano ta ke cikin 1990, bayan shekara hamsin, ba wurin mai haya zai same ta ba, sai wurin mai riƙon amana. Dokar laburaren ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya ajiye kwafi uku a can domin wannan dalili, ko da ya ke doka ba ta tara littafi da kanta sai da ma'aikacin da zai bi sawu.

Ba na cewa dunƙulewar duniya sharri ce zalla. Ita ce ta kawo shelar Budapest ta 2002 mai kiran a buɗe binciken ilmi kyauta, da shirin Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya wanda tun 2002 ya ke ba makarantun ƙasashe matalauta mujallun likitanci kyauta ko da rahusa, da yarjejeniyar Marakash ta 2013 wadda ta halatta a juya littattafai domin makafi har a ƙetare da su iyakar ƙasa. A lura kuwa, ma'aikatan laburare suna cikin waɗanda suka yi ta faɗi tashi kafin a sami irin waɗannan. Wannan wani abu ne da ma'aunin Rikowski bai ba shi cikakken nauyinsa ba, domin a wurinta kusan kome sai an canja tsarin jari hujja gaba ɗaya. Mai jiran wannan rana zai daɗe, littattafai kuwa gara tana ci.

7. Kammalawa

Hukuncina a kan littattafan biyu shi ne kowanne rabi ne. Gorman ya gaya mana abin da ya kamata ma'aikacin laburare ya zama, bai gaya mana abin da zai tsaya a kai ba. Rikowski ta nuna ana haƙe ƙasar da ke ƙarƙashinsa, amma ta ɗora laifin a kan yarjejeniyoyi biyu masu nisa, alhali yawancin haƙar a majalisar gari da teburin sa hannu a kan lasin aka yi ta. Ɗalibin da zai karanta su ya fara da Gorman don ya san abin da a ke tsoron rasawa, sa'an nan ya bi da Rikowski don ya san ba a rasa shi don lalacewar hali kaɗai.

In da za a ba ni izni in ƙara ƙa'ida guda a kan na Gorman, sai in ce: laburare ya mallaki abin da ya ke ba da aronsa, hukuncin zaɓe da ajiya kuma ya zauna hannun wanda jama'a za su iya tuhuma. Shugaban jami'a ko na hukuma da aka kawo wa takardar kwangila ko ta lasin, ya kamata ya yi tambaya uku kafin ya sa hannu. Ran da muka daina biya, me zai rage a hannunmu? Wa zai zaɓi abin da za a saya? Wa zai ga sunan mai karatu da abin da ya karanta? In amsar ta fari ita ce babu kome, ta biyu da ta uku kuma kamfani, to, ko da allon bakin ƙofa bai canja ba, gidan ya tashi daga na aro ya koma na haya.

Mu kuma malaman Hausa akwai namu kason. Kowane littafi da mujalla da ƙasidar Hausa da ta zo hannunmu, mu ga cewa kwafinta ya shiga laburaren jami'a an rubuta shi cikin jeri, abin da muka rubuta da kanmu kuma kada mu sa hannu mu ba da shi inda ɗalibanmu za su biya kafin su gani. Magabata sun bar mana abin da suka rubuta ba su nemi lada a wurinmu ba. Allah ya ba mu ikon miƙa shi ga na baya kamar yadda muka same shi.